Yadda Marubuci Zai Tsara Aikinsa Ya Riƙa Gamawa Kafin Wa'adi

Shekaru da dama ke nan ina rubuta wasannin kwaikwayo da shirye-shiryen wayar da kai ga gidajen rediyo, ina fassara takardun ƙungiyoyi zuwa Hausa, ina kuma aika maƙaloli ga editoci a Accra da Kano, duka daga ɗaki ɗaya a wani gidan haya da ke Aboabo a nan Kumasi. A tsawon wannan lokaci ban taɓa rasa abin rubutawa ba, amma na sha rasa aiki saboda ban miƙa shi a ranar da na yi alkawari ba. Abin da ya raba ni da wannan hali shi ne gane cewa sana'ar da muke kira rubutu ta ƙunshi ayyuka huɗu mabambanta, wato tattara bayani, da zuba daftari, da gyara, da kuma harkar editoci da kuɗi, kuma kowannensu yana da lokacin da ya dace da shi a cikin yinin mutumin Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Ghana. Wanda ya cakuɗa su a zama ɗaya zai wuni a kan kujera ya tashi da gajiya da rabin shafi.

Mataki na farko shi ne ka auna kanka kafin ka canza komai. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka raba kowane shafi gida uku: lokacin da ka fara, lokacin da ka tashi, da adadin kalmomin da ka rubuta. Ka yi haka kwana 14 a jere ba tare da ka yi wa kanka kara ba, domin idan ka zauna ƙarfe 9 amma ba ka rubuta harafin farko ba sai 10 saura kwata saboda duba saƙonni, to 10 saura kwata za ka rubuta a littafin. Ni da nake gaya wa mutane ina aiki daga safe har la'asar, da na yi wannan lissafi sai na tarar ainihin rubutun bai kai awa 2 ba a yini, kuma yawancin shafukan da editoci suka karɓa ba tare da ƙorafi ba kafin ƙarfe 8 na safe na rubuta su. Abubuwa biyu kake nema daga wannan awo: kalmomi nawa kake iya zubawa a awa ɗaya idan babu mai damunka, da kuma wane lokaci ne kanka ya fi buɗewa. Duk sauran matakan a kan waɗannan biyun za a ɗora su.

Da zarar ka san lokacinka, sai ka killace shi domin zuba daftari kaɗai. Mu a Kumasi Allah ya yi mana wata baiwa da marubutan ƙasashen sanyi ba su da ita, domin garin yana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 a duk shekara, kuma bambancin da ke tsakanin watanni bai kai awa ɗaya ba. Saboda haka jadawalin da ka gina a kan sallar asuba zai yi maka aiki da damina da hunturu ba tare da sake lale ba. Ni ina dawowa daga masallaci in zauna kai tsaye, ban kunna rediyo ba, ban taɓa waya ba, in yi ta rubutu har zuwa lokacin da gidan zai farka gaba ɗaya. Duk wanda ya zauna a gidan haya mai ɗakuna 12 da famfo ɗaya ya san yadda wannan farkawa take: ƙarar bokitai a bakin famfo, uwa tana kiran yaro ya zo ya yi wanka kada ya makara, mai koko da ƙosai ta buɗe a ƙofar gida, 'yan pragya, wato masu babur mai ƙafa uku na haya, sun fara danna oda a kan titi. Kafin wannan hayaniya ta kankama akwai kusan awa 2 na shiru, kuma a cikinsu nake yin aikin da ake biyana kuɗi a kansa.

Wannan tsari ba kowa zai karɓa ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar zai karɓi kowa. Marubuciyar da take da yara ƙanana, safiya ce lokacin da ta fi kowa aiki, don haka nata shirun yakan faɗo ne tsakanin ƙarfe 9 da azahar, bayan yara sun tafi makaranta an kuma ɗora girki. Wanda yake da shago a kasuwar Kejetia ko yake koyarwa da safe, watakila bayan sallar isha ne zai samu sarari. Abin da ba ya canzawa shi ne a zaɓi lokaci ɗaya, a riƙe shi kullum, har jiki ya saba ya daina neman dalili. A watan azumi kuwa ni nakan rage kasona da rabi tun daga ranar farko, in mayar da zaman zuwa bayan sahur, domin na gwada riƙe cikakken kaso na ga ba ya kai ni goman tsakiya.

Akwai wata dabara da wani ɗan ƙasar Italiya mai suna Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake kira Pomodoro: a yi aiki minti 25, a huta minti 5, bayan zagaye 4 a yi hutu mai ɗan tsawo. Tana da amfani ga aikin da rai ba ya so, kamar fassarar rahoto mai cike da alƙaluma, domin kowa zai iya daurewa na minti 25. Amma ga labari ko wasan kwaikwayo ban ga dacewarta ba, saboda ƙararrawar takan buga ne daidai lokacin da muryoyin 'yan wasan suka fara fitowa a kunnena. Ga irin wannan aiki lokutan salla sun wadatar da ni a matsayin iyaka: daftari daga asuba zuwa hantsi, gyara daga azahar zuwa la'asar, saƙonni da kiran waya bayan la'asar.

Mataki na uku shi ne yanka wa kanka kaso na kullum, kuma a nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Kada ka ɗauki adadin ranar da ka fi ƙwazo. Ka duba littafin awonka ka ɗauki adadin da kake cimmawa ko a ranar da kake da mura, shi ne kasonka. Idan kalmomi 500 ne, kada ka raina su, domin 500 sau kwana 6 sun zama 3,000 a mako, kuma a mako 20 sun zama 60,000, wato littafi guda cikakke. Sannu-sannu kwana nesa, in ji masu iya magana. Idan aikin yana da wa'adi, sai ka yi lissafin daga ƙarshe zuwa farko. A ce an ba ka shirin rediyo mai kashi 10, kowane kashi kalmomi 1,500, a miƙa cikin kwana 40. Jimillar kalmomi 15,000 ke nan, wato zama 30 a kan kaso 500. Idan ka cire Juma'o'i, ka cire kwanakin gyara, ka cire kwana 3 na abin da ba a tsammani, za ka ga tun kafin ka sa hannu cewa kwana 40 ba za su isa ba. Ko dai ka nemi kwana 50, ko ka ɗaga kaso zuwa 700 da saninka. Tun ran gini ran zane, kuma neman ƙarin lokaci a ranar karɓar aiki ya fi mutunci a kan nemansa ana gobe wa'adi.

Zaman asuba ba ya yin albarka sai an shirya masa tun dare, kuma wannan shi ne mataki na huɗu. Kafin ka kwanta ka ɗauki minti 10 ka rubuta abin da za ka rubuta gobe a cikin jimloli 3 ko 4, ba kanun magana kawai ba. Idan ka rubuta "babi na biyar" ba ka taimaki kanka da komai ba, amma idan ka rubuta cewa a wannan babi ne uwar za ta gano ɗanta ya sayar da keken ɗinkinta, kuma za ta gano ne daga bakin maƙwabciya, to gobe hannunka zai fara motsi kafin barci ya sake ka. Nakan kuma tashi daga rubutu alhali na san jimlar da za ta biyo baya, in bar ta ban rubuta ba, domin ta zama min ƙofar shiga washegari.

Tattara bayani yana da nasa lokacin, kuma yawancinsa lokaci ne da dama can a banza yake tafiya. Zaman trotro, wato ƙaramar motar bas ta haya, daga Aboabo zuwa Adum a cikin cunkoso, jiran layi a banki, zaman benci a wajen mai gyaran waya, duk wuraren aiki ne ga wanda yake da ƙaramin littafi a aljihu. A irin waɗannan wurare nake samun maganganun da ba zan iya ƙirƙirowa a ɗaki ba. Wata rana a cikin mota na ji wata dattijuwa tana yi wa kwandasta faɗa a kan canjinta, ta fara da Hausa, ta juya Asantanci da ta ga bai kula ba, ta rufe da addu'ar da ta sa duk motar ta yi tsit, kuma wannan faɗan kusan yadda yake na saka shi a bakin wata 'yar wasa. Ka rubuta irin wannan a take, ko ka naɗi muryarka a waya da zarar ka sauka, domin kafin magariba kalmomin sun gudu sai ma'anar kawai ta rage, ita kuwa ma'ana kowa yana da ita. Idan aikin yana bukatar karatu mai zurfi, ka ware masa rana guda a mako ka tafi inda babu wanda ya san ka, kamar ɗakin karatu na yankin Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu, ka tafi da jerin tambayoyin da kake neman amsarsu, ka dawo idan ka same su.

Mataki na biyar gajere ne a faɗa, mai wuya a aikata: lokacin zuba daftari ba a gyara, ba a bincike, ba a taɓa waya. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ka zo inda kake bukatar shekara ko sunan wani gari ko kalmar da ta ɓace maka, ka sa taurari uku a wurin ka wuce, bayan azahar ka nemo duk taurarin ka cike su a zama ɗaya. Wayar kuma ka kashe mata data ka ajiye ta inda sai ka miƙe tsaye kafin ka ɗauko ta, domin zauren WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai da na masallacin unguwa ba su san kana da wa'adi ba. Ni a cikin aljihun jallabiyar da ke rataye a bayan ƙofa nake saka tawa.

Sai mataki na shida, batun kayan aiki da wutar lantarki, wanda na koya ta hanya mai ɗaci. Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a Ghana a shekarar 2015 bai manta da dumso ba, lokacin da ƙarancin ruwa a madatsar Akosombo da matsalar iskar gas suka sa aka riƙa raba wuta da jadawali, wasu unguwanni su samu awa 12 su rasa awa 24. A wannan shekara ina da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya mutu, sai an jona take aiki. Wata safiya na kai shafi na 9 na wata fassara ban adana ba, aka ɗauke wuta, kuma da aka dawo da ita fayil ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Tun daga ranar na kafa wa kaina dokoki da ban sake karya su ba. Kowane aiki yana zaune a wuri uku: a cikin kwamfuta, a cikin filashi da ke rataye da makullin ɗakina, da kuma a intanet, ko ta Google Docs ko ta hanyar aika wa kaina imel kowace yamma. Kowane fayil yana ɗauke da sunan aikin da kwanan wata, domin kada in sake aika wa edita tsohon daftari bisa kuskure. Kowane dare nakan cika cajin kwamfuta da waya da fitila, in kuma duba abin da ya rage a mitar kati, saboda ƙarewar kati da asuba ba ta da bambanci da ɗauke wuta. Sannan akwai biro da takarda a kan tebur koyaushe, domin rashin wuta ba ya soke kason ranar.

Wannan dabara ta yawaita kwafi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a nan Ghana a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, kuma abin da ya sa suka iso gare mu shi ne almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu daga zango zuwa zango, har masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon suka tattara irin waɗannan takardu a shekarun 1960. Takarda guda gara tana iya cinye ta, amma da wuya ta cinye goma a garuruwa goma.

Akwai wani ƙaramin abu da yake cin lokacin mai rubutun Hausa fiye da yadda ake zato, wato baƙaƙe masu ƙugiya. Idan kana rubutu ba tare da su ba da niyyar ka dawo ka saka daga baya, ka ƙara wa kanka aikin yini guda a kowane babban rubutu, kuma duk da haka wasu za su kuɓuce maka. Ka ɗauki rabin awa sau ɗaya ka warware matsalar har abada. A waya, madannan Gboard suna da Hausa, kuma ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa ba tare da wahala ba. A kwamfuta kana iya saka madannan Hausa, ko ka koya wa manhajar rubutunka ta riƙa mayar da wata alama da ka zaɓa zuwa harafin da kake so.

Gyara shi ne mataki na bakwai, kuma ga marubucin da ya tashi a Zango yana da wani nauyi na musamman da ya kamata a faɗe shi ba tare da jin kunya ba. Hausar da muke yi a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da wadda 'yan'uwanmu suke yi a Nima da Mamobi a Accra, Hausa ce mai rai da tarihinta, amma ta sha bamban da daidaitacciyar Hausar da editocin Kano da manyan gidajen rediyo suke so. A bakin yawancinmu bambancin namiji da mace ya shafe, sai mu ce "yarinya ya zo", kuma ƙugiya ta faɗi daga furucinmu, ta yadda baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, suke fita da sauti ɗaya. Saboda haka kunnenmu ba ya kama mana waɗannan kurakurai kamar yadda yake kama wa Bakano, dole sai mun nemo su da ido da gangan. Kafin ka fara kowane aiki ka tambayi wanda ya ba ka shi wace Hausa yake so. Shirin rediyon da mata za su saurara a kasuwar Asawase, idan aka cika shi da kalmomin da ba a amfani da su a nan, ba zai isar da saƙo ba, maƙalar da za a buga a Kano kuwa dole ta bi ƙa'ida. Rashin yin wannan tambaya ya taɓa sa na sake rubuta kashi 6 na wani shiri daga farko.

Yadda nake gyaran shi ne in bar daftarin ya kwana aƙalla ɗaya, sannan in bi shi sau uku, kowane bi da abin da nake nema. A bi na farko ba na kallon kalmomi, tsari kawai nake dubawa: shin wannan sakin layi ya kamata ya zo kafin wancan, shin akwai inda na faɗi abu ɗaya sau biyu, shin akwai shafin da za a cire ba tare da mai karatu ya rasa komai ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma yawancin daftarina sukan ragu sosai a wannan bi. A bi na biyu nakan karanta da babbar murya, domin duk jimlar da numfashina ya yanke a tsakiyarta ko harshena ya harɗe a kanta, ita ce mai bukatar gyara, kuma a nan ne nake kama jimlolin da Turanci yake kwance a ƙarƙashinsu, musamman a aikin fassara. Idan rubutun na rediyo ne nakan kunna agogon waya yayin karantawa, in san ko ya dace da mintocin da aka ba ni. Bi na uku na ƙa'idojin rubutu ne zalla: ya da ta, na da ta, ƙugiyoyi, raba "shi ne" da "ba ta", bambanta "a kan" mai nuna wuri da "akan" mai nuna sabo. Ina da takarda manne a bango mai ɗauke da kurakurai 20 da na fi maimaitawa, kuma da maɓallin nema nake bin su ɗaya bayan ɗaya maimakon in dogara da ido. Inda na yi shakkar jinsin wata kalma nakan duba ƙamus, ko na Bargery na 1934 wanda ake samu a intanet, ko na Jami'ar Bayero na 2006.

Yanzu sai mataki mafi wuya, wanda babu wata manhaja da za ta yi maka shi, wato daidaita aiki da zumunci. A Zango mutumin da yake zaune a ɗaki ana ɗaukarsa a matsayin wanda ba shi da aiki. Ana cikin rubutu sai a ƙwanƙwasa ƙofa, wata dattijuwar gidan ta ce, "Malam, tunda kana gida, don Allah karanta min wannan takardar ta asibiti." Ba za ka ce mata kana aiki ka rufe ƙofa ba, kuma bai kamata ba. Abin da nake cewa shi ne, "Mma, ki yi min haƙuri zuwa bayan azahar, ni da kaina zan zo ɗakinki." Sirrin yana cikin cika wannan alkawari, domin idan mutane suka ga kana zuwa da ƙafarka a lokacin da ka faɗa, a hankali su da kansu za su riƙa gaya wa baƙi cewa Malam ba ya fitowa sai azahar. Ni ya ɗauke ni 'yan watanni kafin gidanmu ya saba, har yaran gidan suka daina buga ƙwallo a jikin tagata da safe.

Sha'anonin jama'a kuwa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake sanin ranarsu tun da wuri, kamar suna da ɗaurin aure da addu'ar arba'in, waɗannan sai ka shigar da su cikin jadawali tun ranar da aka kawo maka goron gayyata, ka kuma ɗauka cewa yawancin Lahadinka ta biki ce. Akwai kuma jana'iza, wadda ba ta sallama kuma ba a ɗaga ta, ita ce dalilin kwana 3 da na ce a ware a cikin kowane lissafi. Zumunta a ƙafa take, kuma marubucin da ya yanke ƙafarsa daga jama'a zai wayi gari ba shi da abin rubutawa. Abin da za a iya ragewa ba tare da an ɓata da kowa ba shi ne zaman majalisar ataya da yake farawa bayan isha ya kai sha biyun dare, domin wanda ya kwanta ƙarfe 12 ba zai yi rubutun kirki da asuba ba. Ni nakan je in sha kofin farko, in yi sallama.

Harkar editoci da kuɗi ita ma aiki ce, kuma idan ba a ba ta lokacinta ba sai ta mamaye na daftari, domin babu abin da yake hana jimla fitowa kamar tunanin kuɗin da aka ƙi biyanka. Ka buɗe shafi a bayan littafinka ka rubuta kowane aiki da wanda ya ba da shi, da adadin kalmomi, da wa'adi, da farashi a sidi, da abin da aka biya, da abin da ya rage. Kada ka fara babban aiki sai an ba da kafin alƙalami, rabi ko sulusi, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko ta banki, kuma duk abin da aka yi yarjejeniya a kansa ta waya ka maimaita shi a rubuce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana, kashi 10 ne, zan miƙa ranar 20 ga wata, gyara sau ɗaya yana cikin kuɗin." Wannan jimla ta ƙarshe ta cece ni daga wani mai ba da aiki da ya dawo min da rubutu ɗaya har sau biyar. Idan editanka yana Najeriya ko Nijar ka tuna agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe 12 na Kano ƙarfe 11 ne a Kumasi. Sannan ka koyi ƙin karɓar aikin da lissafinka ya nuna ba shi da gurbi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma aiki uku da aka miƙa a makare sun fi ɓata suna a kan guda ɗaya da aka ce a yi haƙuri ba za a iya ba.

Abin da ya rage shi ne bitar mako, wadda nake yi daren Alhamis tunda Juma'a ba na rubutu. Nakan buɗe littafin awo in haɗa kalmomin kwana 6, in gwada su da abin da lissafi ya ce ya kamata in kai. Idan na rasa rana ɗaya ba na ninka kason washegari, domin na lura ninkin shi yake jawo rasa rana ta biyu, sai dai in ci daga kwanakin da na ware. Idan kuwa na ga mako biyu a jere ban cika kaso ba, to ko dai kason ya yi yawa, ko wani abu ya shiga lokacin asuba, kuma littafin yakan nuna min wanne ne daga ciki. Daga nan sai in duba shafin bashi in rubuta sunayen waɗanda zan kira bayan la'asar ranar Asabar, in kwafe aikin mako zuwa filashi, in rubuta jimloli 3 na abin da zan fara da shi da asubar Asabar, in jona kwamfuta a caji.